Amsa: kiɗan kilasik, wato kiɗan gargajiyar Turawa, yana ɓacewa a lasifika, in an ƙara murya kuma ta shaƙe

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce ka sayo saitin lasifika mai guda biyar da babbar nan ta ƙasa mai fitar da dum-dum a Alaba, kasuwar kayan lantarki ta Legas, amma in makaɗa suka yi ƙasa-ƙasa ba ka jin komai, in ka murɗa murya kuma sai su ɓarke gaba ɗaya lasifikar ta shaƙe. Ka kuma nemi faya-fayan da za ka fara da su.

Kayanka lafiyarsu ƙalau. Waƙoƙin zamani ana matse su a situdiyo, ƙarfinsu kusan ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Kilasik ba a yi masa wannan matsin, tazarar da ke tsakanin raɗa da tsawa tana nan yadda aka kaɗa ta. Nemo Boléro na Ravel, kusan minti 15 ne, da 'yar ƙaramar ganga yake farawa can ƙasa, ya yi ta hawa har kowa ya shigo. Tsallaka zuwa minti na ƙarshe, ka saita murya inda kunnenka zai ɗauka, lasifika kuma ba ta shaƙe ba, sannan ka dawo farko, kada ka sake taɓa ta. In gangar ta ɓace, to fanka ce da janareton maƙwabta suka cinye ta. Shi ya sa a Legas lokacin wannan kiɗan dare ne ko bayan asuba, taga a rufe.

Sai kuma lasifikun. Yawancin waɗannan faya-fayai don lasifika biyu aka ɗauke su, hagu da dama. Mayar da saitin kan sitiriyo, kashe maɓallin ƙarin dum-dum, ka rage babbar ta ƙasa sosai. Bar tazarar kamar mita biyu tsakanin ta hagu da ta dama, kujerarka ma mita biyu daga kowacce, ƙaramin kwanon da ke saman lasifika, mai fitar da siririn sauti, ya yi daidai da kunnenka in kana zaune. Janye su daga bango kamar rabin mita, kada ka cusa su a kusurwa, nan ne sauti ke kumbura ya rufe goge. In falon tayil ne, shimfiɗa kafet tsakaninka da su, ka rataya labule mai kauri. Wannan gyaran ya fi canza waya mai tsada amfani nesa ba kusa ba.

Duba wayoyin lasifikun, ja ya shiga ja, baƙi ya shiga baƙi a duka ɓangarorin. Gwajinsa mai sauƙi ne: sa Goldberg Variations na Bach wanda Glenn Gould ya kaɗa a 1955. Mono aka ɗauke shi, wato sauti ɗaya ne ke fita hagu da dama, don haka fiyanon zai tsaya cak a tsakiya. In ka ji shi a warwatse babu nauyi, waya ɗaya ce ka juya.

In daga baya za ka koma Alaba neman amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) tokumbo, bayanta za ka fara karantawa, ba gabanta ba. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120, in ka jona kai tsaye ba tare da taransifomar rage wuta ba, ta tafi. Kada wat dubu uku da aka rubuta da PMPO, lambar talla, ya ruɗe ka, lambar RMS za ka nema, ita ce ƙarfin gaske. Wat 40 zuwa 60 kowane ɓangare ya ishi falo da lasifika mai om 8. Ƙaramar amfilifaya da aka ƙure mata murya ita ma tana iya ƙona ƙaramin kwano. Lasifika kuwa cire mata marfi ka shafa soson da ya zagaye kwanon, laimar garin nan tana ruɓar da shi, in ya marmashe a yatsanka sai an sake shi. Na'urar garmaho ta Amurka ka yi hattara: wadda motarta ke bin bugun wuta an yi ta ne don bugu 60 a daƙiƙa, namu 50 ne, faifan da ya kamata ya juya sau 33 a minti zai koma wajen 28, kiɗan ya yi ta jan ƙafa, taransifoma ba ta maganin wannan.

Inbata mai araha wadda wutarta ba tatacciya ba ce tana sa amfilifaya gurnani da zafi. Kullum amfilifaya ce ƙarshen kunnawa, farkon kashewa, in an ɗauke wuta kuma ka kashe ta daga bango kafin a dawo da ita.

Faya-fayai kuwa, fara da kiɗan Beethoven na biyar wanda Carlos Kleiber ya jagoranta da makaɗan Biyana a 1974, tambarin Deutsche Grammophon. A ganina ba shi da na biyu wajen zafi. Sai na Elgar da Jacqueline du Pré ta kaɗa da babban goge a 1965 tare da John Barbirolli, shi zai gaya maka ko tsakiyar sautin lasifikarka na da rai. Gould ya sake Goldberg a 1981, a natse, kuma za ka ji shi yana gunguni yana bin fiyano, kada ka ɗauka lasifika ce. Namu na gida ma yana nan, African Suite na Fela Sowande, ɗan Abekuta, wanda ya tsara a 1944.

Wanda zan ja maka kunne a kansa shi ne 1812 Overture na Tchaikovsky, ɗaukar Telarc ta Erich Kunzel. Igwa ta gaske aka harba a ciki. Kar ka saita murya da farkonsa. In ka samu hali ka leƙa cibiyar kiɗa ta MUSON a Onikan, nan Legas, ranar da ake kiɗa, ka ji ƙarfin goge na gaskiya a ɗaki, da shi za ka riƙa auna naka na gida.