Sauya sheƙa da lambarka: amsoshin tambayoyinku kan layin waya

Assalamu alaikum masu karatu. Yawancin wasiƙun wannan karon kan layin waya suke, musamman tun bayan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, kowa ya fara lissafin inda kuɗinsa zai fi auki. Mun zaɓi guda biyar.

Tambaya: Ina sayar da hatsi, kuma lambata ta daɗe a hannun abokan ciniki. Amma a sabon shagon da na koma sai na fita bakin titi nake samun sabis. Zan iya komawa wani kamfanin ba tare da na rasa lambar ba? (Wani ɗan kasuwa daga Gusau)

Amsa: Za ku iya, Alhaji, kuma kyauta ne. Tun watan Afrilun 2013 NCC ta buɗe wannan ƙofa, mutum ya ɗauki lambarsa sukutum, har da 0803 ko 0802 ɗin da ke farkonta, ya koma wani kamfanin da ita.

Amma kada ku fara da ƙaura, ku fara da gwaji. Ku sayi sabon layin kamfanin da kuke sha'awa, ko ku ari wayar maƙwabcin shago, ku gwada na mako guda a wuraren da kuke zama da gaske: can cikin shagon, gida, da hanyar kasuwannin ƙauye da kuke ci. Ku gwada da hantsi, ku gwada bayan Magariba lokacin da kowa ya hau layi. Cikar sandunan sabis a fuskar waya ba hujja ba ce, don suna iya cika alhali turken sadarwar ya yi wa jama'a kaɗan, kira yana yankewa, data na jan ciki. Haka kuma idan rufin kwano da katangar siminti ne ke tare sabis ɗin, mai yiwuwa duk kamfanonin haka za su yi a wannan shagon, kun ga an gudu ba a tsira ba. Dalilin wannan jan kunne shi ne da zarar kun ƙaura ba ku da damar sake motsawa sai bayan kwana 45. A farkon tsarin ma kwana 90 ne.

In gwaji ya gamsar da ku, sai ku je ofishin kamfanin da za ku koma, ba wanda za ku bari ba. Shi tsohon ba ya buƙatar sallama. Ku je da kanku, ba a aike, domin za a ɗauki hotonku da zanen yatsu a gwada da bayanan lambarku ta NIN. Ku riƙe wayar da tsohon layin a ciki yana aiki. Za su ba ku fom ku cike, sannan su ce ku tura kalmar PORT ta saƙon tes zuwa 3232 daga layin da za a ƙaurar. Wannan saƙon shi ne shaidar cewa layin yana hannunku. Amsa za ta shigo cewa an karɓi buƙatar, a miƙa muku sabon sim. Ƙa'ida ta ce a kammala cikin awa 48, ko da yake sau da yawa ba ya kai haka. Alamar an gama ita ce tsohon sim ya ɗauke gaba ɗaya. A nan ne za ku cire shi ku sa sabon, ku kashe waya ku kunna.

Abubuwan da ba sa bin ku su ne katin da ya rage, da data, da duk wata garaɓasa. Babu wanda zai mayar muku da ko kwabo, don haka ku cinye su tukuna, ko ku tura wa iyali ta *321#. Lambobin da aka adana a cikin sim ɗin kansa ma ba sa ƙaura, a kwashe su zuwa waya ko asusun Google kafin a je. Idan kun ci bashin kati ta *303#, ku biya, don bashin na iya kawo tsaiko. Sauran abubuwan da kan sa a ƙi buƙata: sunan da ke kan layin ya saɓa da na NIN, ko an rufe layin, ko kwanan nan aka yi masa walkam bak, wato aka sake ciro sim ɗinsa da tsohuwar lambar. Na ƙarshen nan da gangan aka sa shi, saboda ɓarayin da kan sace lambar mutum su ruga da ita wani kamfanin. Shawarar ƙarshe, kada ku yi wannan aiki ana gobe kasuwa.

Tambaya: Na koma wani kamfani da lambata. Kira yana shiga, amma intanet ya ƙi, kuma sau biyu ina sayen data ta manhajar banki ba ta zo ba. Sannan ina tsoron ko alat na banki zai daina zuwa. (Wata malamar makaranta daga Zariya)

Amsa: Malama, matsala biyu ce daban-daban, kuma duk masu sauƙi. Manhajojin banki da masu sayar da data da yawa suna gane kamfani ne daga lambobi huɗun farko. Sun ga 0805 sai su ce Glo, sun ga 0806 su ce MTN, sun ga 0808 su ce Airtel. Ke kuwa lambarki ta riga ta bar gidan. Saboda haka duk lokacin da za ki saya, ki zaɓi sunan sabon kamfanin da hannunki, kada ki bar manhaja ta zaɓa miki. Mai POS ko mai sayar da data ma ki faɗa masa baki da baki, haka duk wanda ya saba turo miki kati. Kuɗin da ya maƙale kuwa, ki kai wa bankin lambar shaidar cinikin ki nemi a dawo da shi.

Intanet ɗin kuma, galibi wayar ce ke riƙe da saitin tsohon kamfani. Ki shiga saitin waya, ɓangaren sim, ki nemi inda aka rubuta APN, ki danna maido da saitin asali, sannan ki kashe ki kunna. In bai yi ba ki kira 300, lambar kula da abokan hulɗa ce ta dukkan kamfanoni, ki ce a turo miki saiti. Ki duba kuma ramin da kika sa sim ɗin, don a wasu wayoyi masu layi biyu, musamman tsofaffi, rami ɗaya ne kawai ke ɗaukar 4G. Idan ƙaramar na'urar wayifai ce da kika saya daga tsohon kamfanin, yawancinsu a kulle suke, ba sa karɓar sim ɗin kowa.

Banki da BVN da WhatsApp duk lamba suka sani, ba kamfani ba, ba sai kin canza komai ba. Alat da lambobin sirri na iya jinkiri a kwanakin farko. In ya wuce haka, ki sanar da sabon kamfanin da bankin. Abin da ya sauƙaƙa wa masu ƙaura ma shi ne tun 2023 aka haɗe gajerun lambobi: *310# duba kati, *311* da lambar kati da # don lodawa, *312# sayen data, *323# duba ragowar data, ko a wane layi kike.

Tambaya: Layin da nake amfani da shi yayana ne ya yi masa rajista shekarun baya. An sace wayata, na je walkam bak an ce ba ni ba ne mai layin. Mene ne mafita? (Wani mai karatu daga Azare)

Amsa: Gaskiya suka faɗa maka, ko da ba daɗi. A wurin kamfani, mai layi shi ne wanda NIN ɗinsa ke kai, ko da shekara goma kana loda masa kati. Tun Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa layi da NIN, aka yi ta ɗaga wa'adi har zuwa na ƙarshe, 14 ga Satumban 2024.

Abu mafi gaggawa ba layin ba ne, asusunka ne. Ɓarawon waya a yau sim yake nema, ya zare shi ya sa a wata wayar, ya lalubo bankin da ke haɗe da lambar ya gwada cire kuɗi ta gajerun lambobi. Ka je banki ko ka kira su yau a dakatar da hada-hada ta waya, kuma a kira 300 daga wani layin kamfanin a toshe sim ɗin. Daga nan ku tafi ofis tare da yayanka, kowa da NIN ɗinsa. Shi za a yi wa walkam bak, kuma za a tambayi lambobin da aka saba kira da katin ƙarshe da aka loda, waɗanda kai ka san su, don haka ka rubuta su a takarda. In kwalin sim ɗin ya ɓata ana iya neman takardar rantsuwa daga kotu. Kada ku bar ofishin sai kun nemi a mayar da mallakar layin sunanka. Inda mai rajistar ya rasu aikin ya fi tsawo, don yawanci sai da takardar shaidar mutuwa da ta kotu. Wannan ya sa muke cewa masu amfani da layin iyaye ko na miji su gyara tun ana tare.

Sabon sim ɗin ka sa masa lambar sirri ta PIN daga saitin tsaro na waya, ta yadda duk wanda ya zare shi ya sa a wata waya ba zai buɗu ba. Sai dai a kula, kuskure uku yana kulle shi sai da lambar PUK mai alƙaluma 8 da ke jikin kwalin, kuskure goma a PUK kuma ya kashe sim ɗin har abada.

Masu sayen layi mai rajista a bakin titi kuma, wai don gudun dogon layi a ofis, su sani haramtacce ne, kuma ranar da ya ɓata babu hanyar dawo da shi. Mai son sanin matsayin layinsa ya danna *996#.

Tambaya: Zan tafi karatu Masar na shekara biyu. Layina zai jira ni? (Wata ɗaliba daga Katsina)

Amsa: In kika jefa shi a akwati, ba zai jira ba. Ƙa'idar NCC ita ce layin da ya yi wata shida ba a yi wani abin da ya kawo kuɗi da shi ba za a dakatar da shi, in ya ƙara wata shida a haka kamfani na iya sayar wa wani lambar. Haɗarin ya wuce rasa lamba, domin sabon mai ita zai riƙa karɓar alat ɗinki, kuma zai iya buɗe WhatsApp da ita. Ki tafi da sim ɗin a ramin waya na biyu, ki kashe masa data don kada kuɗin yawo, wato cajin amfani da layi a ƙasar waje, ya cinye katin, ki riƙa loda ɗan kati ta banki kina tura tes guda duk bayan wata biyu. Kafin ki tashi ki tabbatar a ofis cewa layin zai yi aiki a waje. Akwai kuma tsarin biyan kuɗi a ajiye lamba, kamar Keep My Number na MTN, ki tambayi kamfaninki nasa. In kin yanke shawarar barin layin, to ki cire shi daga banki da BVN tukuna.

Tambaya: Ina safara tsakanin Illela da Ƙonni. Zan iya mayar da lambata ta Najeriya kan layin Nijar? Kuma me ya sa katina ke ƙarewa da sauri ko ban tsallaka ba? (Wani direba daga Illela)

Amsa: A'a, Malam. Ƙaura da lamba a cikin ƙasa ɗaya take tsayawa. Lambar +234 ba ta zama +227, ko da sunan kamfanin ɗaya ne a ƙasashen biyu, kamar Airtel, don kowanne da lasisinsa da hukumar da ke kula da shi. Abin da ya fi maka araha shi ne waya mai layi biyu, ɗaya na gida, ɗaya na Nijar, ko Airtel ko Moov ko Zamani ko Niger Telecom, wanda ya fi ƙarfi a hanyarka, da rajista da takardunka.

Zancen katin kuwa, sabis bai san shingen kwastan ba. A garuruwan iyaka irin su Illela, Jibiya da Maigatari, waya kan kama turken ƙetare da kanta idan ya fi ƙarfi, sai a caje ka kuɗin wanda ya fita waje kana zaune a tashar garinku. Ka duba saman wayar, in ka ga harafin R ko sunan wani kamfani daban, to abin da ke faruwa ke nan. Ka shiga saitin sim, ka kashe zaɓin netwok na kai-tsaye, ka zaɓi kamfaninka da hannu, ka kuma kashe datar yawo. In bayan haka katin bai daina zurarewa ba, ka danna *305# ka ga ko an sa ka cikin wani tsarin waƙar kira ko labarai da ake cira kullum, ka soke shi, sannan ka tura STOP zuwa 2442 don tsayar da saƙonnin talla. Ka kai ƙorafi 300 ka karɓi lambar ƙorafin ka adana. Idan ba su warware ba, ka kira 622, layin NCC na kyauta, za su tambaye ka wannan lambar.