Amsa: Me Ya Sa Tsofaffin Gem Suka Fi Na Yanzu Wuya?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa tsofaffin gem na bidiyo suke da wuya haka, har kana zargin hannunka. Ba laifin hannunka ba ne, da gangan aka ƙera su haka.

Da yawansu daga injinan shagon wasa suka fito, waɗanda sai ka jefa tsabar kuɗi kafin ka buga. Mai inji kuwa so yake ka mutu da wuri ka sake jefawa. Dubi Ghosts 'n Goblins na kamfanin Capcom, na 1985. Bugu ɗaya sulken Arthur, jarumin wasan, ya tarwatse, na biyu ya zama tulin ƙasusuwa. Ka sha wuya ka kai ƙarshe, sai a mayar da kai farko, domin sai ka gama shi sau biyu za ka ga ainihin ƙarshen labarin. Wallahi har yau raina na sosuwa in na tuna.

Na gida kuma kaset ɗin ba ya ɗaukar kaya da yawa. Super Mario Bros. gaba ɗayansa kilobayit 40 ne, wato ɗan ƙarami ne ƙwarai, don haka wuyar ce ke sa ya daɗe a hannunka, ga shi ba ya ajiye inda ka tsaya.

Ni dai ina ganin ka fara da Kirby's Adventure na 1993. Yana da sauƙi, yana da kyau, kuma yana ajiye maka wasanka.