Jam'iyyar jiha ce ko reshe?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai jam'iyyar da ta Jihar Gombe ce ita kaɗai, da kuma aikin ofishinta na jiha. Babu. Tsarin Mulki na 1999 bai yarda ba: sai jam'iyya ta yi rajista da INEC, hedikwatarta na Abuja, shugabanninta kuma sun fito daga aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi. A Jamhuriya ta Farko ne aka yi na yanki, irin NPC ta su Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Abin da kake gani yanzu a jiha reshen jam'iyyar ƙasa ne.

Amma kada ka raina reshen. Gombe na da ƙananan hukumomi 11 da gundumomi 114, kowace gunduma da shugabanta, da sakatare, da shugabar mata, da na matasa. A nan ƙarfin yake. Shugaban gunduma ne ke zama a rumfa da kundin rajista a cinya, ya san gidan kowa, shi ke nemo wanda zai tsare akwati ranar zaɓe har a gama ƙirga. Daga nan deliget ke fitowa.

Kujerar gwamnan Gombe kuwa ta sha juyawa: Hashidu a APP 1999, Goje ya karɓe da PDP a 2003, Dankwambo 2011, sai Inuwa Yahaya na APC a 2019. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, da zarar jam'iyya ta ci gwamna, ofishinta sai ya koma jiran umarni daga gidan gwamnati, talakan gunduma kuma a manta da shi sai kakar zaɓe.