Hoton asibiti da gashin daji: shin suna jawo ciwon sukari?

Tambaya: Likita, bana sau uku aka yi mini radiyon ƙirji, sai ga shi an ce ina da ciwon sukari. Hoton ne ya jawo? (Wani magidanci, Zango, Damagaram)

Amsa: Malam, ba shi ba ne. Hasken da hoton ƙirji ɗaya ke sa wa jiki wajen milisibat 0.1 ne (milisibat shi ne ma'aunin hasken da jiki ya sha), alhali wanda kowa ke sha daga ƙasa, duwatsu da sararin samaniya ya kai 2.4 a shekara. Sikanar ciki ta fi ƙarfi, wajen 8 zuwa 10, amma ko ita ba ta isa ta kashe ƙwayoyin jiki da ke yin insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, ba. Ka bincika gado, ka dubi teɓarka, ka kuma ƙirga kofunan shayin da kake sha a fada.

Tambaya: Ɗiyata ta yi dajin ƙoda tana shekara 2, aka kai ta waje aka yi mata gashi a ciki, wato aka haska wurin dajin da hasken na'ura. Ta warke, yanzu shekarunta 15. Akwai abin tsoro? (Wata uwa, Mirriya)

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya. Taki tambayar kam sai an natsu. Pankiriyas wata tsoka ce mai tsawo da ke kwance bayan tumbi, jelarta na kusa da ƙodar hagu da saifa, kuma jelar cike take da ƙwayoyin da ke fitar da insulin. Hasken gashi ya ninka na hoto sau dubbai, don an yi shi ne ya kashe daji. In ya bi ta kan jelar, wasu ƙwayoyin su mutu, ƙananan jijiyoyin da ke kai musu jini su ƙanƙance, insulin ya yi ta raguwa sannu a hankali.

Wani bincike da aka buga a 2012 a kan mutane sama da 2,500 da suka yi daji suna yara a Faransa da Ingila ya nuna cewa gwargwadon hasken da jelar ta sha, gwargwadon haɗarin ciwon sukari, kuma jarirai sun fi jin jiki. Ciwon ba ya gaggawa, yakan ɗauki shekara 20 ko fiye kafin ya fito. Duk da haka, akasarinsu ba su kamu ba.

Ki adana takardun gashin kamar takardar gida, don su ne za su nuna gefen da aka haska. A riƙa auna mata sukari da safe kafin ta karya, ko da sau ɗaya a shekara 2. In ya kai giram 1.26 a lita har karo biyu, ko ta fara yawan fitsari, ƙishirwa da rama, ku zo asibiti. Ranar da ta yi aure ta samu juna biyu, a faɗa wa ungozoma tarihin tun awon farko.

Tambaya: Na yi shekaru ina aikin uraniyom a Arlit. In damu da sukari? (Wani dattijo, Birni)

Amsa: Baba, huhu da ƙoda ne suka fi shan wahalar wannan aiki: iskar radon, wadda ke fitowa daga duwatsun uraniyom, da ƙura su bugi huhu, ƙarfen uraniyom ya bugi ƙoda. A duba maka su, a haɗa da awon sukari saboda shekaru. In kana busa taba, ka yar da ita, don haɗuwarta da radon na ninka haɗarin dajin huhu.