Likita, rashin cin abincina ne ya zubar da cikina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita. Shekarata 24, kuma wannan ne cikina na fari. Tun da ya shiga wata na biyu laulayi ya sa ni gaba, ko koko na sha sai ya dawo. A sati na tara na ga jini, aka kai ni asibiti, aka ce ɓari ne, aka yi mini wankin ciki. Yanzu uwar mijina tana cewa yunwa ce ta kashe shi, wasu kuma suna cewa dakan da na yi ne. Don Allah ni na jawo? Kuma me ɗa yake ci a wannan lokacin? Daga wata baiwar Allah a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da jiki, Allah ya mayar miki da alheri. A'a, ba ke kika jawo ba, kuma ina so ki riƙe wannan da kyau.

Mu a asibiti muna fara ƙirga ciki ne daga ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe, amma haɗuwar ƙwan mace da maniyyi tana faruwa kamar sati biyu bayan nan, a cikin bututun da ke tsakanin gidan ƙwai da mahaifa. Daga can ƙwan yake gangarowa yana rarrabuwa, bayan kwana 6 zuwa 10 ya nutsa cikin bangon mahaifa. Wannan bangon tuni ya yi kauri ya tanadi guzuri. Akwai wasu ƙananan ƙofofi a jikinsa masu tsatso ruwa mai ɗauke da sukari, kitse da furotin, wanda wasu likitoci ke kira madarar mahaifa. Da shi ɗan tayin yake rayuwa a makonnin farko. In da kin ga hoton sikanin a sati na shida, da kin ga wani ɗan fari zagaye kamar zobe a gefen tayin, shi kuma tayin bai wuce ƙwayar shinkafa ba, zuciyarsa tana ƙyaftawa. Wannan zoben wata 'yar jaka ce da ke miƙa masa abinci, a cikinta ma jininsa na farko yake samuwa.

Ita mabiyiya tana nan tana kafa saiwa, amma jinin uwa ba ya fara kwarara cikinta sosai sai wajen sati na 10 zuwa 12. A sati na tara da kika yi ɓari, tsawon tayin bai kai dabino ba, nauyinsa kamar giram 2. Abin da yake buƙata ɗan kaɗan ne, kuma daga ajiyar jikinki ake ɗebo shi ko kin ci tuwo ko ba ki ci ba. Ke ce ke ramewa, ba shi ba. Hasali ma mata masu tashin zuciya da amai sun fi tsira daga ɓari a kan waɗanda ba su yi.

To me ya faru? Cikin kowane ciki goma da aka tabbatar, ɗaya zuwa biyu yana zubewa, mafi yawa kafin sati 12. Kusan rabin irin wannan ɓarin daga zaren gado ne, wanda ake kira kromosom. Uwa tana kawo 23, uba yana kawo 23, su zama 46. Wani lokaci ɗaya yakan ƙaru ko ya ragu tun ranar haɗuwa, tayin ya girma zuwa wani mataki ya tsaya, sai jiki ya fitar da shi. Sau da yawa ya tsaya kwanaki kafin a ga jini, shi ya sa aikin da mace ta yi a ranar, daka ne ko ɗiban ruwa ko hawa babur, yake shan zargin da bai ji ba bai gani ba. Kwanciyar aure ma ba ta zubar da lafiyayyen ciki. Abin yana yi mini ciwo yadda nake ganin mata suna shigowa da jini a zane, amma abin da ya fi damunsu shi ne me za a ce a gida. Hajiya uwar mijinki ma baƙin cikin rashin jika ne ya sa ta neman dalili. Ki sa maigidanki ya karanta mata wannan a natse.

Akwai dai abubuwan da ake iya gyarawa: zazzaɓin cizon sauro mai zafi, ciwon sukari da ba a kula da shi ba, matsalar maƙoƙo, da jiƙe-jiƙe ko ƙwayoyin kemis da ake sha ba tare da sanin likita ba. Ki koma a duba yawan jininki da rukuninsa, domin in naki nagetif ne akwai allurar da ake yi don kare ciki na gaba. Idan jini ya ƙi tsayawa, ko yana wari, ko kina zazzaɓi da ciwon mara mai tsanani, kada ki kwana a gida.

Al'ada takan dawo cikin sati 4 zuwa 6. Mafi yawan matan da suka yi ɓari sau ɗaya suna haihuwa lafiya a ciki na gaba. Ki fara shan folik asid, wato bitamin da ke taimaka wa lakar baya da ƙwaƙwalwar jariri su haɗu daidai, maikrogiram 400 kullum, tun yanzu kafin wani ya shiga, saboda lakar baya da ƙwaƙwalwar jariri suna haɗuwa ne wajen sati na shida, lokacin da mace da yawa ba su ma san suna da juna biyu ba. Ki riƙa kwana cikin gidan sauro, da kin ga ɓatan wata ki je awo. In laulayin ya dawo har ruwa ba ya zama a cikinki, ki zo a yi miki ƙarin ruwa, akwai kuma maganin amai da mai ciki za ta iya sha.