Tambaya: Mu cike kududdufin unguwarmu mu mayar da shi dandali?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren ƙungiyar matasa ta wata unguwa a cikin birnin Kano. Muna da wani fili a tsakiyar unguwa, rabinsa tsohon kududdufi ne da ya koma bola, ɗaya rabin kuma akwai wata tsohuwar tsamiya da dattawa ke zama a gindinta. Mun tara kuɗi, wani bawan Allah kuma yace zai ƙara mana, muna so mu cike kududdufin, mu sare tsamiyar tunda tana cin wuri, a shimfiɗa intalok a sa fitilun sola da kujeru ya zama wurin shaƙatawa irin na Abuja. Wani ɗalibi mai karanta zanen gine-gine yace mana wai sai an fara nazarin fili. Don Allah meye wannan nazarin, kuma dole ne ko ɓata lokaci ne kawai?

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Allah ya saka muku da alheri da wannan niyya, matasan da za su tara kuɗinsu don filin unguwa ba su da yawa yanzu. Amma don Allah kada ku kira tifa ko mai zarto tukuna. Ɗalibin nan gaskiya ya faɗa muku, kuma abubuwa biyun da kuke shirin kawarwa, wato ramin da bishiyar, su ne mafi daraja a duk filin.

Nazarin fili ba wani abu bane mai wahala, ma'anarsa kawai ka san wurin sosai kafin ka ja layi ko ɗaya a takarda: ina ruwa yake bi in an yi sama, ina rana take duka da la'asar, daga ina iska ke zuwa, wace irin ƙasa ce a ƙarƙashi, su wanene ke amfani da wurin yanzu kuma da wane lokaci. Rabin wannan aikin ku da kanku za ku iya yi ba tare da kun biya kowa ba, kuma kun fi duk wani mai zane da za a ɗauko daga waje sanin unguwar.

Mu fara da ruwa domin shi ne yake rusa gida. Kududdufan cikin birnin Kano ba haka kawai suka samu ba, iyaye da kakanni ne suka haƙi ƙasa a wurin suka yi tubali suka gina gidaje da ganuwa, ramin da ya rage sai ya zama matattarar ruwan unguwa, lunguna da kwatoci duk suka saba gangarawa can shekara da shekaru. Toh in kun cike shi ruwan ba fasa zuwa zai yi ba, a watan Agusta zai zo kamar yadda ya saba, in bai samu ramin ba sai ya nemi wuri mafi kwari na gaba, kuma yawanci wannan wurin zauren wani ne ko ɗakin wata tsohuwa da ginin ƙasa ne. Unguwanni da dama da aka cike kududdufansu aka yanka filaye haka suke kwana kwalfe ruwa duk damina. Sannan akwai matsala ta biyu, ƙasar da aka zuba a kan bola bata zama daram, shara tana ruɓewa a ƙasa tana lotsawa, bayan damina ɗaya ko biyu zaka ga intalok ɗin ya yi tudu da kwari, duk abinda aka gina a kai ya tsage.

Na san dalilin da yasa kuke son rabuwa da shi, wari da sauro da tsoron kada yaro ya faɗa, kuma duk dalilai ne na gaskiya. Amma abinda ya lalata ramin shara ce da ruwan wanka da na wanke-wanke da ake sako masa rani da damina. In aka kwashe sharar aka kai inda ya dace, aka karkatar da kwatocin gidaje zuwa babbar magudana, ramin zai koma karɓar ruwan sama kaɗai, sai a rage zurfinsa, a kwantar da gefunansa su zama gangare mai sauƙi ko matakala maimakon gaɓa mai tsayi, a yi masa mafita ta yadda ruwa bazai wuce kwana biyu zuwa uku a kwance ba, saboda sauro yana buƙatar kusan mako guda kafin ƙwansa ya zama mai tashi. Da rani kuma busasshen fili ne, yara su buga ƙwallo, matakalar ta zama wurin zaman 'yan kallo.

Wannan ba mafarki bane, an yi shi. A birnin Rotadam na ƙasar Holan akwai wani dandali mai suna Benthemplein da kamfanin De Urbanisten ya zana, aka buɗe shi a 2013. Ramuka uku aka yi a cikinsa da gangan, mafi zurfin filin wasa ne mai matakala a kewaye, in an yi ruwa mai ƙarfi ruwan rufin gine-ginen da ke gefe da na daɓen yana gangarowa ciki, wurin yana iya riƙe kimanin lita miliyan 1.7, daga baya a sake shi a hankali. Kaga su kuɗi suka kashe suka haƙa abinda ku kuka gada. Bambancin kawai su ruwan da ke shiga nasu bai haɗu da na kwata ba kuma akwai masu sharewa, in ba za ku iya waɗannan biyun ba to gara a zagaye ramin da shinge a shuka bishiyoyi a bakinsa a bar shi yana aikinsa.

Yadda za ku gane halin ruwan: ku fita lokacin da ake tsaka da ruwa mai ƙarfi, ku ɗauki bidiyo da waya ta kowane lungu da ke shigowa filin, washegari ku duba alamar da ruwa ya bari a jikin katangu ku sa fenti. Ku tambayi tsofaffin matan da gidajensu ke bakin ramin iyakar inda ya taɓa kaiwa a shekarar da aka fi ruwa, sun fi kowa riƙe wannan. Ku haƙa rami mai zurfin gwiwa a wurare uku ko huɗu, ku cika da ruwa, in ya tsotse ku sake cikawa ku duba awa nawa zai ɗauka, wannan zai nuna muku inda ƙasa ke shan ruwa da inda take laka. Duk birkila ya iya awon tudu da kwari da tiyo mai ruwa, amma a wannan aikin ku biya safiyo ya yi muku cikakken awo. Duk inda za a yi daɓe a ba shi ɗan gangare, santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, ya kalli ramin, kada ya kalli gidajen mutane.

Sai maganar tsamiya, kuma a nan ne raina ya fi ɓaci da na karanta wasiƙarku. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40, wurin zama in babu inuwa ba wurin zama bane daga hantsi har bayan la'asar, intalok da siminti kuma zafi suke sha da rana su dinga fesowa har bayan isha'i. Tsamiya a hankali take girma, wadda dattawa ke zama a gindinta ta yiwu ta girmi duk wanda ke cikin ƙungiyarku, ba kuɗin da zai sayo muku irin wannan inuwar a bana. Kuma dattawan nan sun riga sun nuna muku inda dandalin yake, aikin mai zane shi ne ya ƙara musu daɗin zama ya buɗe wa wasu hanya su ma su zo. In kuma dalilin na ɓoye shi ne maganar da ake yi cewa tsamiya matattarar iskoki ce yara na tsoron wucewa da dare, a faɗa a fili a zaman unguwa, a rage rassan da suka sauko, a sa fitila a kusa, wurin da yake da haske da mutane tsoro baya zama a cikinsa. Abu ɗaya ku kiyaye, kada a shafe gindinta da siminti ko a tara ƙasa a jikin kututturen, a bar ƙasa a buɗe har iyakar inda rassanta suka kai domin saiwoyin da ke sha suna nan, dakalin zama a yi shi a zagaye nesa da gindin.

Misalin da nafi so ku nema ku kalli hotunansa yana nan kusa da mu, a Dandaji cikin jihar Tawa a Nijar, garin Hausawa ne. Mai zanen gine-gine Mariam Issoufou, wadda a da aka fi sani da Mariam Kamara, da ofishinta mai suna atelier masōmī a lokacin sun yi kasuwar garin aka gama a 2018. Dama kasuwar mako-mako ce take ci a kewayen wata tsohuwar bishiya, basu taɓa bishiyar ba, sai ma suka mayar da ita cibiya, aka yi mata wurin zama a zagaye, rumfuna aka gina su da tubalin ƙasa da aka matse da inji, inda babu inuwa kuma aka kafa faya-fayan ƙarfe masu launi, wani sama wani ƙasa, suna bada inuwa iska na ratsawa, saboda raya bishiya a wannan yankin akwai wuya. A garin dai ita da Yasaman Esmaili suka yi aikin Hikma, tsohon masallacin Juma'a da ya fara lalacewa aka gyara shi ya koma ɗakin karatu, aka gina sabo a gefe mai ɗaukar mutum kusan 1,000. Tsohon ginin aikin Alhaji Falke Barmu ne, maginin da masallacinsa na Yama ya ci kyautar Aga Khan ta zanen gine-gine a 1986. Shuke-shuken harabar kuma da ruwan damina da ake tarawa a tankin ƙarƙashin ƙasa ake ba su. Abinda ya burge ni a aikin shi ne duk abinda suka tarar a filin sun tambayi amfaninsa kafin su yanke hukunci a kansa.

Rana da iska ba sai na ja ba, kun san su. Ranar yamma ce mai azaba, don haka sababbin bishiyoyi su fi yawa a yammacin wuraren zama. Hunturu daga arewa maso gabas yake kwaso ƙura, hadari kuma daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, duk rumfar kwano da za a kafa a ɗaure ta da sanin haka. Darbejiya tana saurin girma kuma tana jure fari, maɗaci inuwarsa mai kyau ce amma sai an yi haƙuri, ceɗiya da durumi a nisanta su da katanga da magudana don saiwarsu tana fasa gini. Ciyawar ado irin ta Abuja ku manta da ita, ruwan da za ta sha a rani ɗaya ya ishi bishiyoyi da yawa. Kuma kowace shuka a yi mata kariya, in ba haka ba awakin unguwa za su gama da ita a sati.

Akwai tambayar da ba ku yi ba wadda nake so ku kai zaman ƙungiya: wa zai zauna a wurin? Dandali ba baƙon abu bane a wurinmu, filin ƙofar fada irin na Ƙofar Kudu, gindin bishiyar mahauta, dandalin da 'yan mata ke gaɗa da daddare, duk mun gada. Amma in ba a yi hattara ba sabon wuri yakan koma majalisar samari kaɗai, mace ko wucewa sai ta sauya hanya. Ku ware mako guda ku dinga rubuta waɗanda ke ratsa filin da asuba da hantsi da la'asar da dare, 'yan makarantar allo, masu tallan abinci, masu turin ruwa, mai shayi, mai kai amarya. Hanyar da ƙafa ta riga ta fitar a ƙasa ita za ku daɓe, kada ku toshe ta da fulawa. Ku tura mata biyu ko uku su shiga gidaje su ji ra'ayin matan aure, domin ba za su zo taron ƙofar mai unguwa ba, kuma sau da yawa abinda za su nema daban ne, wurin da za su hango yara suna wasa, famfo, haske a bakin lungu, wani ɓangare da ba sai sun ratsa ta gaban maza ba. Ku bar wani sashe fayau babu komai don ɗaurin aure da sallar jana'iza da tafsirin azumi, kada kujerun siminti su cinye ko'ina.

Kafin duk wannan ku tabbatar da matsayin filin a hukumance. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, don haka ku bi ta wurin mai unguwa da dagaci da hakimi, ku je hukumar tsara birane ta jihar Kano (KNUPDA) da ma'aikatar ƙasa a rubuta cewa wurin fili ne na jama'a, ku ajiye kwafi a hannun mutum fiye da ɗaya. Ramin da yake bola ba mai kallonsa, amma ranar da ya zama shimfiɗaɗɗen fili mai kyau masu sha'awar shaguna za su bayyana.

Kuɗin da kuka tara ku kashe shi a jere kamar haka: takardu da awon safiyo, kwashe shara da gyaran magudana, shuka a farkon damina, sannan dakali da fitilu, intalok a ƙarshe kuma a hanyoyin tafiya kawai. Ku ware wani kaso na mai shara da mai ban ruwa na aƙalla rani biyu. Ɗalibin nan kuma ku riƙe shi, ku ba shi bidiyon ruwan da awon safiyo ya fitar muku da zane biyu ko uku ku kai gaban jama'ar unguwa su zaɓa, amma lissafin mafitar ruwan a kai wa injiniya mai rajista ya duba ya sa hannu kafin a fara haƙa.