'Yata ba ta da fitina, amma hankalinta ba ya zama wuri ɗaya

TAMBAYA: Likita, ina da 'ya mai shekara 11, yarinya mai shiru-shiru, sai dai idan na aike ta ɗaki ta ɗauko abu, sai in iske ta tsaye ta manta abin da ya kai ta. Malamarta ta ce tana da ƙwaƙwalwa amma lalaci ya yi mata yawa. Na yi faɗa har na gaji. Shin ciwo ne ko sakaci? Daga wata uwa.

AMSA: 'Yar'uwa, abin da kika bayyana ya yi kama da larurar rashin tattara hankali, wadda likitoci ke kira ADHD, ko da yake ba a yanke hukunci sai an ga yarinyar. Larura ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa natsuwa, kuma gado yana da babban hannu a cikinta, don haka kada ki ɗora wa tarbiyyarki laifi.

Abin da ke damuna shi ne yadda take ɓuya a jikin 'ya'ya mata. Yaron da ke tsalle a kan benci yana hana aji zaman lafiya, nan da nan ake lura da shi, amma yarinyar da ta zuba wa allo ido alhali hankalinta ya yi nisa, ba ta takura wa kowa, sai a kira ta malalaciya a wuce. Shi ya sa yaran maza da ake gano larurar a jikinsu suka kai kusan ninki biyu na mata. Da yawa daga cikin 'ya'ya matan kuma sukan rufe matsalar da wahalar da kai, su raba dare kan aikin gida na rabin awa, har abin ya rikiɗe ya zama fargaba ko ƙuncin rai a lokacin balaga.

Likitan yara ko na ƙwaƙwalwa zai duba ko alamun sun fara kafin shekara 12, sun kai wata 6, kuma suna bayyana a gida da makaranta duka. Zai kuma gwada jinta da ganinta, ya bincika ƙarancin jini, rashin isasshen barci, da wata irin farfaɗiya mai ɗauke hankali na 'yan daƙiƙoƙi, domin duk suna iya kama da ita.

Idan ta tabbata, akwai magunguna irin su Ritalin masu taimakawa ƙwarai, amma sai da sa idon likita, saboda sukan rage cin abinci su kuma hana barci. Kafin nan, ki kira sunanta har ta dube ki, ki ba ta aike ɗaya tak, ki sa ta maimaita miki. Ki kuma roƙi malamarta ta dawo da ita layin gaba, nesa da taga, ta rubuta miki abin da take gani a aji domin ki tafi wa likita da shi.